Gida ya yi mini yawa, kaya sun fi ƙarfina

Wata uwa ce ta rubuto mana daga Runjin Sambo, a cikin garin Sakkwato. Ga abin da ta ce a taƙaice:

“Shekaruna 68. Maigidana ya rasu shekara uku da suka wuce, ya bar ni a gida mai ɗaki bakwai. ’Ya’yanmu biyar, maza uku mata biyu, duk sun yi aure sun tashi, daga ni sai jikata guda. Ciwon gwiwa ya hana ni ko da shara. Ɗaki huɗu a rufe suke, cike da kaya tun na aurena. Babban ɗana ya gina mini ɗaki biyu da falo a gidansa a Arkilla, yana so in koma. Amma duk ranar da na buɗe ɗaki don in rage kaya, sai in zauna in yi ta kallo, in rufe in fito. Yaran kuma kowa da abin da yake cewa kada a taɓa. Ta ina zan fara?”

Hajiya, Allah ya jiƙan Alhaji, ya sa ya huta, ke kuma ya ƙara miki lafiya. Zaman nan da kike yi a bakin ƙofa ba ragwanci ba ne. Kina buɗe ɗakin ne da tambayar me za a zubar, alhali kuwa ba ita ce tambayar farko ba. Ta farko ita ce: wannan kayan na wane ne? Muddin ba a amsa ta ba, hannunki ba zai saki ba, kuma yana da gaskiya da ya ƙi saki.

Ba ki faɗa mana ko an raba gadon Alhaji ba, amma yadda yaran ke cewa kada a taɓa kaza ya nuna ba a raba ba. Idan haka ne, gidan kansa da duk abin da Alhaji ya mallaka a cikinsa, daga janareta har hularsa, dukiyar magada ce tun ranar da ya rasu. Ba ki da ikon sayarwa ko kyautarwa ke kaɗai, babban ɗanki ma ba shi da shi. Bayan an biya bashi, an fitar da wasiyya in akwai, wadda ba ta wuce kashi ɗaya cikin uku ba, rabonki tumuni ne, wato ɗaya bisa takwas, tunda akwai ’ya’ya. In ke kaɗai ce matarsa, kuma iyayensa sun riga shi rasuwa, ana kasa dukiyar gida 64: ke takwas, kowane namiji 14, kowace mace bakwai. In akwai abokiyar zama, tumunin nan ku biyu za ku raba shi, ’ya’yanta kuma su shigo cikin lissafi. Mun kawo wannan ne don ki ga siffar abin, amma rabo na malamin da ya san ilimin gado ne, ko kotun shari’a. Ki sa a tara yaran biyar, har da matan, ba a waya ba, a zauna da malami da shaidu biyu, a rubuta abin da aka yarda da shi kowa ya sa hannu. Yawancin rigimar da ke kai ’yan uwa gaban alƙali bayan shekara goma daga nan take tasowa: an sayar da firiza, an ba wani mota, ’yar da ke aure a wani gari ba ta ji ba sai a bakin mutane.

Kayan ɗakinki kuwa naki ne: abin da iyayenki suka kai ki da shi, lefenki, zinarinki, abin da kika saya da kuɗinki, da abin da Alhaji ya ba ki kyauta kika karɓa. Inda aka yi shakka babu shaida, ƙa’idar da malaman Malikiyya ke bi ita ce abin da al’ada ta san shi na mata ne a bar wa matar, abin da aka sani na maza ne ko na kowa da kowa a jingina shi ga mijin. Akwai kuma kashi na uku da ake mantawa, wato ajiya. Gidan da ya shekara arba’in ba ya rasa akwatin wata ƙanwa da ta yi yaji ta bari, ko keken ɗinkin wata maƙwabciya, ko littattafan ɗan wani da ya yi karatu a jami’ar Usmanu Ɗanfodiyo ya zauna wurinku. Amana ce. A aika wa mai ita, in ya rasu a nemi magadansa.

Sai an gama wannan za a ɗauko tef ɗin awo. Kada ki fara da tsohon gida, ki fara da sabon wuri. Ki je Arkilla da kafinta ko wani yaro mai hankali a auna tsawo da faɗin kowane ɗaki, a auna faɗin ƙofa, a rubuta. Ɗakin da aka fi ginawa ƙafa 12 ne a kan 12. Gadon kwanciya, ƙafa shida a kan shida, shi kaɗai ya cinye kwata na ɗakin nan. In aka ƙara kabad mai ƙofa uku da madubi, abin da ya rage bai wuce wurin shimfiɗa darduma ba. Mai ciwon gwiwa tana buƙatar hanya mai faɗin ƙafa uku daga gado zuwa banɗaki da kuma zuwa ƙofa, ba akwati, ba waya a ƙasa, ba gefen kafet da ya naɗe, domin faɗuwar dare ita ke karya ƙugun tsofaffi, kuma karayar ƙugu a wannan shekarun ba ta da sauƙin warkewa. Shawararmu gado huɗu da rabi a kan shida, wanda in kin zauna a bakinsa tafin ƙafarki zai taka ƙasa sosai, gwiwa ba ta ɗaga sama da ƙugu ba. Ki duba banɗakin tun yanzu. In na tsuguno ne a canza shi zuwa na zama, a kafa ƙarfen dafawa a bango, kafin ki tare, ba bayan kin tare ba. Ƙofa kuma in ba ta kai ƙafa uku ba, tsohon kabad ɗin ba zai shiga ba sai an kwance shi, kuma irin na garin katako da aka matse ba ya jure kwancewa da ɗaurawa, wurin ƙusoshin sai ya zube.

Da wannan awon a hannu aikin ya juya. Maimakon ki tsaya gaban ɗaki huɗu kina zaɓen abin da za ki rabu da shi, sai ki zaɓi abin da zai bi ki. Ki sa jikarki ta rubuta duk abin da hannunki ya taɓa cikin mako biyu: tukwane nawa, kwanuka nawa, zannuwa nawa, buta, carbi, rediyo, kujerar salla. Za ki tarar bai cika ɗaki guda ba. Wannan shi ne kayan tafiya. A kai ki ƙara akwati guda, guda tak, na abin da zuciyarki ta maƙale da shi ko da ba ya amfanin komai, kada kuma ki bari wani ya tuhume ki a kan abin da kika sa a ciki.

Lokaci yana da muhimmanci a garin nan. Kada a yi aikin nan tsakanin Maris da Mayu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40, ɗakin kwano da ya shekara a rufe kuwa ya fi waje zafi. Damina ma ba ta dace ba, ba a samun shanya tufafi. Daga ƙarshen Oktoba zuwa farkon Disamba ya fi, ruwa ya ɗauke, ƙurar hunturu ba ta kankama ba. Awa biyu a rana sun isa, bayan karin kumallo zuwa hantsi, kwana huɗu a mako. Ɗaki guda a gama shi kafin a buɗe wani. Kuskuren da aka fi yi shi ne a tara jikoki ranar Asabar a fito da kayan ɗaki huɗu tsakar gida, magariba ta yi ba a gama ba, a mayar da su a hargitse, abin ya fi da muni. Ke a kujera za ki zauna a inuwa, mutum biyu su riƙa kawo miki kina yanke hukunci. A buɗe ƙofa da taga a bar ɗakin ya sha iska yini guda kafin a shiga. Masu ɗauka su sa takalmi rufaffe da safar hannu da takunkumi, su fara zungurar kaya da sanda kafin su sa hannu, saboda kunama tana son ƙarƙashin akwati da tarin tabarmi. Kuma ki fara da sito ko ɗakin girki, inda babu abin da zai sa ki kuka. Ɗakin Alhaji shi ne na ƙarshe.

Kada wani abu ya fita ƙofa ba a bincike shi ba. A buɗe kowane kwano, a laluba aljihun kowace riga, a zazzage kowane littafi, a duba ƙarƙashin takardar da aka shimfiɗa a gindin akwati. A irin wuraren nan ne mutanen da ke ɓoye ’yan kunne da zobe da takardun fili.

Takardu su ne abu mafi tsada a gidan, ko da ba su da nauyi. Takardar mallakar fili, takardar cinikin gida ko gona mai sa hannun shaidu da mai unguwa, takardun fansho da giratuti, na banki, takardar shaidar rasuwar Alhaji, duk rubutun da ya shafi bashi, nasa a kan mutane ko na mutane a kansa: a tara su wuri guda tun ranar farko, kafin yaro ya kai su bola cikin tsofaffin jaridu. A yi wa kowace fotokwafi biyu, a kuma ɗauka da waya a tura wa ’ya’ya biyu aƙalla. Na asali a sa su a fayil cikin akwatin ƙarfe mai makulli, a ɗora shi a kan wani abu, kada ya taɓa ƙasa ko bango saboda gara. Kada a manne takardar fili ta asali da leda mai zafi, domin in an manne ba a iya sa mata hatimi ko ƙarin sa hannu, kuma ba a ɓare ta ba tare da an lalata ta ba. Rasit irin na na’ura zafi yana goge rubutunsa, in yana da amfani a yi masa hoto yanzu.

Akwai wata takarda da muke roƙon a yi hattara da ita musamman a Sakkwato. Gidaje da yawa a garin nan suna da gafaka ko kundi na kakanni, rubutun hannu da Larabci ko ajami na Hausa da Fulfulde, warwatse ba ɗinki. Wanda bai sani ba sai ya ɗauka yagaggen Alƙur’ani ne ya ƙone. Kada a ƙone rubutun hannu ko da shafi ɗaya ne, kada a liƙe shi da salatif, kada a ɗaure shi a leda, kada kuma a sake jera shafukan. A sa shi tsakanin kwali biyu a naɗe da farin ƙyalle, a nuna wa malami, ko a kai gidan adana tarihi na Waziri Junaidu a duba. Mushafin bugu da ya yage har ba ya karantuwa shi ne ake ƙonewa a wuri mai tsarki a binne tokar, ko a naɗe shi a binne inda ba a takawa. Littattafan addini masu kyau kuwa, bayan magada sun yarda, makarantar Islamiyyar unguwa za ta yi murna da su.

Yanzu ga kayan jerenki, waɗanda muka san su ne suka fi tsaya miki a rai: samiru, langa, fanteka, tasoshi, tangaran da ba a taɓa cin abinci a ciki ba. Za ki ce ajiya maganin wata rana. Gaskiya ne, amma ranar da aka yi ajiyar dominta ta zo. Ki kira ’ya’yanki mata da matan ’ya’yanki da jikoki masu shirin aure, ki raba da hannunki. A nan akwai hukuncin da ya kamata ki sani sarai. A littafin Risala an bayyana cewa kyauta da sadaka da waƙafi ba sa cika sai wanda aka ba ya karɓa ya mallaka, in mai kyautar ya rasu kafin a karɓa, abin ya koma gado. Ke nan “wannan sarƙar ta wance ce in na mutu” ba kyauta ba ce, wasiyya ce, kuma babu wasiyya ga magaji sai da yardar sauran magada. In kina son ’yarki ta samu sarƙar, ki sa mata a hannu tun kina da lafiya, a gaban shaidu, ta tafi da ita gidanta. Ki kuma daidaita tsakanin ’ya’yanki gwargwadon iko. Hadisin Nu’umanu ɗan Bashir sananne ne, inda Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ƙi yin shaida a kan kyautar da uba ya keɓe ɗa guda da ita, ya yi umarni da adalci tsakanin ’ya’ya.

Za a samu masu cewa Hajiya tana rabon gado da ranta, ko tana kiran mutuwa. Kada ki saurare su. Ba rabon kwano ke kawo ajali ba. Sai dai mu ma muna da namu gargaɗin: kada ki raba har ki rasa. Zinarinki da kuɗinki da rabonki na gida su ne garkuwarki ranar asibiti. Ki ba da kwano da zane, ki riƙe abin da zai hana ki miƙa hannu.

Mai cewa “Inna, kada a taɓa kaza” kuma, amsarsa guda ce: zo ka ɗauka. A sa wa’adi, kwana 30, a faɗa wa kowa a gaban kowa. Abin da aka ce ana so amma ba a zo ɗauka ba, ba a son sa. In kika yarda da “a ajiye mini tukuna”, za ki tashi daga mai gida ki koma mai gadin sito.

Manyan tukwanen biki da kuloli da tabarmi da maƙwabta suka saba aro, ba sai an sayar ba. Ki damƙa su ga ƙungiyar matan Islamiyya ko wata dattijuwa amintacciya a unguwa a matsayin waƙafi, a rubuta adadinsu, su ci gaba da fita suna da biki da zaman makoki.

Tufafi: duk zanen da Salla biyu ta wuce ba ki ɗaura ba, ya fita. Kala 15 zuwa 20 na yau da kullum da biyar na fita sun wadatar. Atamfar da ba a ɗinka ba a warware ta a ɗaga ta a rana, domin wadda ta daɗe a ninke takan yage a kan layin ninkin, asu kuma yana huda ta daga ciki. Mai kyau a bayar ko a sayar, wadda za a ajiye a shanya ta a sa kafur a akwatin. Rigunan Alhaji gado ne, kuma kada a raina su. Babbar riga ta saƙi ko tsamiya mai aikin hannu tana da daraja da kuɗi, a nuna wa wanda ya san ta kafin a yi sadaka da ita cikin tsummoki. In kina da likkafani da kika ajiye, ki sa shi inda ’ya’ya biyu suka sani.

Wajen sayarwa ne ake cutar tsofaffi. In za ki ba dillaliya kaya, a rubuta su ɗaya bayan ɗaya da kuɗin da ba za a sauka ƙasa da shi ba, a yanke la’adarta tun farko, a ba ta mako biyu, ko kuɗi ko kaya, ba bashi. Ki kuma sa a ranki cewa kujeru da kabad na da ba za su yi kuɗin da kike zato ba. Zinari ba a ba da shi saƙo. Ɗanki ya raka ki a auna shi a shago biyu ko uku, a gaya miki giram nawa ne da kuma karat nawa, 18 ko 21 ko 22, domin a kan waɗannan biyun ake yin farashi. ’Yan gwangwan kuma kada a bar su su shiga ɗaki, kada a yi musu kuɗin tari. A fito da ƙarafan ƙofar gida a ware su da maganaɗisu: abin da ya kama baƙin ƙarfe ne, mafi arha. Abin da bai kama ba, wato tagulla da jan ƙarfe da alminiyam, kowanne a auna shi daban, kilonsa ya fi tsada nesa ba kusa ba. Tsohon batirin mota ko na sola shi ma ana sayensa, kada a fasa shi a gida saboda ruwansa yana ƙona fata. Tsofaffin tasoshin tagulla masu zane kuwa kada su tafi a matsayin gwangwan kafin ’ya’ya su gani.

Wasu abubuwa ba a kyautar da su. Magungunan Alhaji da suka rage da naki da wa’adinsu ya wuce, a kai wa mai kantin magani ko asibiti, kada a ba maƙwabta, kada a zuba a bola inda yara ke tone-tone. Fiya-fiya da maganin ɓera da aka ɗura a robar lemo a fitar da su tun ranar farko. Janareta a tsiyaye mansa kafin a ɗauka. Katifa a duba ɗinkin gefenta, in an ga baƙaƙen ɗigo na kuɗin cizo kada ta bi ki kuma kada a ba kowa. Katakon da gari ke zuba daga ƙananan huda a jikinsa akwai ƙwaro a cikinsa, in kika tafi da shi ƙwaron zai bi ki sabon ɗaki. Robobi da soso kada a ƙone su a tsakar gida, hayaƙinsu yana da illa ga ƙirji. Firij in ya isa Arkilla a bar shi a tsaye awa huɗu ko fiye kafin a jona wuta.

Saura maganar tashin kanta. Ba mu ce ki ƙi ɗanki ba, Allah ya yi masa albarka da ya yi wannan tunani. Amma Runjin Sambo akwai maƙwabtan shekara arba’in, da makarantar da kike zuwa, da mutanen da za su lura in ba su ji motsinki da safe ba, waɗannan kuwa a-kori-kura ba ta ɗaukarsu. Ki je ki gwada zaman wata guda da kayan tafiyar nan kaɗai, kafin a yanke hukunci a kan gidan. In ya karɓe ki, magada su zauna su zaɓa: a sayar a raba, ko a ba da haya a riƙa raba kuɗin bisa rabon gado. In bai karɓe ki ba, ki dawo ki zauna a ɗaki biyu mafi kusa da banɗaki, a ja katanga a fitar wa sauran ƙofa daban da mita daban, a sa ɗan haya da yarjejeniya a rubuce. Abin da ba mu so shi ne a bar ɗakuna a rufe. Ɗakin da ba a shiga, yoyon damina guda ba a gani ba ya isa ya ruɓar da silin, gara kuma ta bi bango ta hau katakon rufi.

A wannan makon ba a buƙatar ki ɗaga ko cokali. Ki kira babban ɗanki ya sa ranar da ’yan uwansa za su haɗu da malami, ki sa jikarki ta sayo littafin rubutu da biro, ki kuma tara takardun Alhaji a akwatin ƙarfe ki riƙe makullin.